Muhawara: Ƙasar da ke ƙetaren teku, 'yar gida ce ko 'yar riƙo?

Baban Hafsatu, Ƙofar Marusa:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina roƙon malamai su raba mini gardama, domin tun shekaranjiya tambaya guda ta hana gidana sakat. An yi wa 'yan ajin 'yata gwajin labarin ƙasa, aka tambaye su ƙasar da Faransa ta fi doguwar iyaka da ita ta kan tudu, ita kuwa ta rubuta Barazil. Malamin ya soke amsar da jan biro, ya rubuta Sifaniya a gefe, ya ƙara da cewa ta riƙa duba taswira kafin ta ɗora alƙalami. Yarinyar ta dawo idanunta jajur, ta ƙi taɓa tuwon dare, tana ta nanata cewa da idonta ta karanta hakan. Na tsaya gaban taswirar da ke bangon shagona, na ga Faransa a Turai, Barazil a Kudancin Amurka, teku guda a tsakaninsu, sai na kasa ba ta gaskiya, na kuma kasa ba malaminta.

Malam Rabe, Ƙofar Soro:
Wa alaikumus salam. Baban Hafsatu, ka je ka lallashi yarinyar nan ta ci abinci, domin ita ce da gaskiya. A arewacin Barazil akwai ƙasar da ake kira Giyana ta Faransa, kuma a dokar Faransa gunduma ce cikakkiya, daidai da kowace gunduma da ke kewayen birnin Paris. Iyakarta da Barazil ta kai kilomita 730, wani dogon sashe nata yana bin kogin Oyafok, wanda aka buɗe gada a kansa a 2017, alhali iyakar Faransa da Sifaniya ba ta kai kilomita 700 ba.

Na shekara talatin ina koyar da wannan darasi, kuma na san inda kuskuren yake fitowa. Faransawa suna raba ƙasarsu gida biyu wajen magana. Akwai uwar ƙasa, wato ɓangaren da ke Turai, sannan akwai yankunan ƙetaren teku. Biyar daga cikinsu gundumomi ne: Gwadalub da Matinik a tekun Karibiyan, Giyana, sai Reyuniyon da Mayot a tekun Indiya. Huɗun farko sun sami wannan matsayi a 1946, Mayot kuwa sai a 2011. Mutanensu suna zaɓen shugaban Faransa, suna da 'yan majalisa a Paris, kuma wanda ya hau jirgi daga Paris zuwa Reyuniyon, tafiyar kusan awa goma sha ɗaya, a takarda bai bar ƙasarsu ba. A lura kuma cewa ba ruwa ne ke yin wannan rabo ba, domin Kosika tsibiri ne, amma cikin uwar ƙasa ake lissafa shi. Da malamin ya ce Faransa ta Turai, da tambayarsa ta tsaya da ƙafafunta.

Alhaji Mannir, ɗan canji:
Allah ya gafarta Malam, ni hujjar maganarka tana cikin aljihuna. Duk mai takardar yuro ya juya bayanta, ya dubi ƙasan taswirar Turai, zai ga wasu 'yan ƙananan akwatuna da zanen ƙasashe a ciki. Na yi shekaru ina ƙirga wannan kuɗi ina zaton ado ne, sai da wani Bafaranshe da ya zo canji ya ɗora yatsa a kai ya ce mini garinsu ke nan, Matinik. Baƙi ne wuluk kamar ni, kuma fasfonsa bai bambanta da na Baturen Paris ba ko da harafi ɗaya.

Hajiya Binta, Rafin Daɗi:
Malam Rabe, ina girmama iliminka, amma wannan magana ta cewa ƙasa ɗaya ce ta tsaya mini a wuya, domin mun ɗanɗana ta a gidanmu. Ɗan ƙanena ya sami gayyatar wani horo kan noman rake a Reyuniyon, ubansa ya sayar da bijimai biyu ya haɗa masa kuɗin tikiti, wanda ya shirya masa takardu kuma ya nemo masa bizar Shengen, wadda ake shiga yawancin ƙasashen Turai da ita, ya tabbatar masa cewa tun da Faransa ce babu sauran wata matsala. Yaron ya sauka Paris lafiya, da ya je hawa jirgi na biyu sai aka tare shi, aka ce wannan biza ba ta shiga can, akwai tata dabam. Kwana biyu ya yi a kan kujerar filin jirgi yana kiran ubansa yana kuka, sannan ya juyo gida. To, idan ɗaki ɗaya ne, me ya kawo makulli biyu? Mu mata mun san irin wannan zama. Za a ce maka agola ɗan gida ne, a yi masa ɗinkin salla tare da sauran yara, amma ranar rabon gado kowa zai san matsayinsa.

Malam Rabe, Ƙofar Soro:
Hajiya, Allah ya mayar masa da alherin abin da ya rasa. Abin da aka gaya masa a Paris haka dokar take: gundumomin nan suna cikin Tarayyar Turai, amma ba sa cikin yankin Shengen, don haka baƙo yana buƙatar bizar da aka rubuta sunansu a kai. Ban musa cewa akwai bambanci ba. Abin da nake so a gane shi ne bambancin hawa-hawa ne. Ko a cikin yankunan Faransa na ƙetare, Sabuwar Kaledoniya da tsibiran Folinisiya ba gundumomi ba ne, suna da gwamnatocinsu, ba sa cikin Tarayyar Turai, kuma ba yuro suke kashewa ba. Kuɗinsu ɗan'uwan sefa ne, a watan Disamba na 1945 aka ƙirƙiro su tare.

Barista Abu, Sabuwar Unguwa:
Ina neman izinin iyayena in kawo ɓangaren Turawan Ingila, tun da su ne suka mulke mu, kuma tsarinsu kishiyar na Faransa ne. Birtaniya tana da yankunan ƙetare 14, irin su Jibralta da Bamuda da tsibiran Fokland, amma ba ta taɓa cewa su ɓangaren ƙasarta ba ne. Ba su da ko kujera ɗaya a majalisar Landan, kowanne da dokokinsa da harajinsa, Landan ta riƙe tsaro da hulɗa da ƙasashen waje, sai gwamnan da take turawa. Cikakken zama ɗan Birtaniya ma sai a 2002 aka bai wa akasarin mutanensu.

Wannan ba baƙon abu ba ne a gare mu. Sunan ƙasarmu a 1914 ya ƙunshi abu biyu, mallaka da ƙasar kariya. Legas ita ce mallaka tun 1861, wanda aka haifa a can talakan Sarkin Ingila ne a doka. Kakanninmu na Katsina da Daura kuwa, waɗanda Turawa suka shigo musu a 1903, mutanen ƙasar kariya ne, kuma takardar tafiyarsu ba iri ɗaya ba ce da ta ɗan Legas, alhali gwamna ɗaya ke mulkinsu.

Dalilin da ya sa nake ganin wannan ba zancen aji kawai ba ne shi ne kuɗinmu yana kwana a cikin wannan rata. Tsibirin Jazi ya fi kusa da gaɓar Faransa a kan ta Ingila, yana ƙarƙashin gidan sarautar Birtaniya, amma ba ya cikin Birtaniya, ba kuma ya cikin yankuna 14 ɗin nan. A can aka riƙe dala miliyan 311 na kuɗin zamanin Janar Abacha da aka dawo wa Nijeriya da su a 2020, aka ce a zuba a hanyar Abuja zuwa Kano, da ta Legas zuwa Ibadan, da gada ta biyu ta kogin Neja. Sai da aka zauna da hukumomin tsibirin kansu aka sa hannu, domin kotunansu dabam suke. Wurin da yake cin inuwar babbar ƙasa amma dokarta ba ta hau kansa kai tsaye ba, shi mai ɓoye dukiya yake nema.

Malam Ilyasu, Daura:
Duk kuna ta ƙetare teku, alhali abin yana bayan gidanmu. Daga Daura zuwa Kongolam tafiyar minti kaɗan ce, kuma rabin dangin mahaifiyata a Damagaram suke. Daga 1946 zuwa 1958, sunan Nijar a dokar Faransa shi ne yankin ƙetaren teku, kalmar nan dai da Malam Rabe ya fassara mana. Jori Hamani, kafin ya zama shugaban Nijar, ɗan majalisar dokokin Faransa ne a Paris. Gwamnan Chadi da ya fara bin Janar Digol, jagoran Faransawan da suka ƙi miƙa wuya ga Jamus, a 1940, Feliks Ebuwe, baƙar fata ne haifaffen Giyana ɗin nan da Hafsatu ta tayar mana da maganarta. Ranar 28 ga Satumba 1958 aka tambayi yankunan ko za su zauna cikin ƙawance da Faransa. Ƙasar Gini ta Seku Ture ta ce a'a, Jibo Bakari da jam'iyyarsa ta Sawaba suka yi yaƙin a ce a'a a Nijar, aka kayar da su, shi kuma ya rasa mulki. Kakana na wajen uwa ɗan Sawaba ne, kuma har ya rasu bai yarda an ƙirga ƙuri'ar nan da gaskiya ba.

Alhaji Mannir, ɗan canji:
To, Malam Ilyasu, tun da ka kawo mu nan, bari in faɗi abin da ke raina ko da ba zai yi wa wasu daɗi ba. Mutanen Mayot Musulmi ne kamar mu. Tsibirai huɗu ne a Komoros, uku suka karɓi 'yanci a 1975, Mayot ta ce ita tana nan tare da Faransa. Yau su wa ke shiga kwalekwale cikin dare suna ƙetare ruwa zuwa wajen su wa? Mutanen da suka karɓi 'yanci ne suke gudu zuwa wajen waɗanda suka ƙi. Ina zaune a wannan kujera na ga naira ta narke a hannun mutane, na ga tsoho ya kawo ajiyar aikin hajjinsa ta shekara goma ta kasa saya masa rabin kujera. Da Maraɗi da Damagaram sun zama irin Mayot, da yau yuro 'yan'uwanmu ke kashewa, da yaranmu ba sa mutuwa a hamadar Agadas kan hanyar Turai. Tuta ba ta cika ciki, kuma ina ganin mutanen Mayot sun fi mu lissafi.

Hajiya Binta, Rafin Daɗi:
Alhaji, ban raina zafin da ya sa ka faɗi haka ba, domin fanshona ma ya narke kamar yadda ka ce. Amma ka auna Mayot da Komoros ka tsaya nan, ba ka auna ta da gidan da aka ce ita 'yarsa ce ba. Fiye da kashi uku cikin huɗu na mutanen Mayot suna ƙasa da ma'aunin talauci na Faransa. Mafi ƙarancin albashinsu bai kai na uwar ƙasa ba, tallafin marasa galihu ma an rage musu. A 2023 sai da aka riƙa ba su ruwan famfo kwana ɗaya cikin uku. Da guguwar Chido ta sauka a kansu ranar 14 ga Disamba 2024, duk mun ga hotunan: unguwanni na kwano da katako sun kwanta kamar an bi ta kansu da turmi, a cikin ƙasar da ake lissafawa da manyan masu arzikin duniya. Har dokar haihuwa an canza musu tun 2018, yadda jaririn baƙo da aka haifa a Mayot ba ya samun hanyar zama ɗan ƙasa da sauƙin wanda aka haifa a birnin Marsai na uwar ƙasa. Wannan ita ce agolar da nake faɗi. Ta fi 'yan'uwanta da ke ƙauye ƙiba, na yarda, amma a bakin murhu take kwana.

Su kuma masu shiga kwalekwalen, dangin juna ne aka raba. Tsakanin tsibirin Anjuwan na Komoros da Mayot kilomita 70 ne kacal, kuma kafin a ƙaƙaba biza a 1995 mutane suna zuwa biki da jana'iza yadda mu muke zuwa Maraɗi ta Jibiya. Dubbai sun nutse tun daga lokacin. Ka tuna halin da muka shiga da aka rufe iyakar Nijar a 2019 da kuma 2023, sannan ka ƙaddara a ce ruwa ne a tsakani, kuma rufewar ba ta da ranar ƙarewa.

Barista Abu, Sabuwar Unguwa:
Ƙari a kan maganar Hajiya, a ƙuri'ar 1974 tsibiran huɗu a haɗe sun zaɓi 'yanci da gagarumin rinjaye, Faransa ce ta ƙirga kowane tsibiri dabam don ta ware Mayot. Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya sha zartar da cewa Mayot ta Komoros ce, Tarayyar Afirka ma a kan haka take, kuma a 1976 sai da Faransa ta hau kujerar na ƙi a Kwamitin Sulhu kan wannan batu. Sai dai adalci ya sa in faɗa cewa mutanen Mayot sun maimaita zaɓinsu a 1976, suka sake a 2009 da kashi 95 cikin ɗari. Ni a matsayina na lauya wannan yana damuna, domin hujjar cewa kada a yayyaga ƙasa da hujjar cewa a bar mutane su zaɓa wa kansu duka masu ƙarfi ne, kuma a nan sun yi karo. Mutanen Bakasi ba wanda ya tambaye su kafin a kammala miƙa yankin ga Kamaru a 2008, zamanin marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa, bisa hukuncin Kotun Duniya na 2002.

Malam Ilyasu, Daura:
Alhaji Mannir, zaɓin da kake wa 'yan'uwanmu kwaɗayi ba a taɓa ajiye shi gabansu da gaske ba. Tun a 1946 wani babban ɗan siyasar Faransa, Eduwar Eriyo, ya yi kashedi a majalisa cewa idan aka ba mutanen ƙetare ƙuri'a daidai da ta Faransawa, Faransa za ta koma mallakar ƙasashen da ta mallaka. Shi ya sa aka yi akwatin zaɓe biyu a yankuna da dama, na Turawa dabam, na 'yan ƙasa dabam, har zuwa 1956. Aljeriya ma gundumomin Faransa ce tun 1848, ana cewa ita da Paris abu ɗaya ne, amma Musulminta ba su taɓa samun daidaito na gaskiya ba, sai da aka yi shekara takwas ana zubar da jini kafin 1962. Ka dubi waɗanda suka rage a hannu: ƙanana ne, mutanensu duka ba su kai miliyan uku ba, ba za su taɓa rinjayar zaɓe ba. Abin da suke kawowa kuwa babba ne. Saboda su Faransa take da yankin teku na fiye da murabba'in kilomita miliyan 10, Amurka kaɗai ta fi ta. Daga Kuru a Giyana Turai take harba taurarin ɗan'adam. A tsibiran Folinisiya ta yi gwajin makaman nukiliya daga 1966 zuwa 1996, bayan ta fara a saharar Aljeriya, ba ta yi ko ɗaya a kusa da Paris ba. A gonakin ayaba na Matinik da Gwadalub an ci gaba da fesa wani maganin ƙwari mai guba har 1993, bayan an hana shi a uwar ƙasa, kuma har yau yana cikin ƙasarsu da jininsu.

Alhaji Mannir, ɗan canji:
Na ji, kuma maganar gubar nan ban san da ita ba, ta taɓa ni. Amma har yanzu ba wanda ya amsa mini dalilin da ya sa idan aka tambaye su sai su ce a bar su yadda suke. Sau uku aka tambayi Sabuwar Kaledoniya, a 2018 da 2020 da 2021, sau uku aka ce a'a ga 'yanci. Wanda yake cikin rijiya ya fi na baki sanin zurfinta.

Malam Ilyasu, Daura:
Ta ukun 'yan asalin ƙasar, Kanak, ƙaurace mata suka yi, ta biyun kuwa masu son 'yanci sun kai kusan kashi 47. Su Kanak ɗin sun zama ba su kai rabin jama'a ba a ƙasar kakanninsu saboda waɗanda aka kawo aka zaunar, kuma yunƙurin ƙara sababbin zuwa cikin rajistar zaɓe ne ya tayar da tarzomar Mayu 2024. Don haka kafin a ce an tambaye su, a fara duba su wa aka tambaya.

Nura, ɗalibi:
Iyayena, a gafarce ni in sa baki. Ko a ƙwallo ana ganin wannan hawa-hawan. Lilian Turam haifaffen Gwadalub ne, Kiristiyan Karambo na Sabuwar Kaledoniya, duka sun ci wa Faransa kofin duniya a 1998. Amma Sabuwar Kaledoniya mamba ce a FIFA, Gwadalub kuwa ba mamba ba ce. Tambayata ga Baba Malam Rabe ita ce ko Amurka ma tana da irin wannan rabo.

Malam Rabe, Ƙofar Soro:
Tana da shi, Nura. Hawayi tana tsakiyar teku amma jiha ce cikakkiya tun 1959. Fwato Riko kuwa, mai mutum fiye da miliyan uku, tana hannun Amurka tun 1898, mutanenta 'yan ƙasa ne tun 1917, ana ɗaukarsu soja, amma muddin suna zaune a tsibirin ba su da ƙuri'a a babban zaɓen shugaban ƙasa, wakilinsu a majalisa kuma ba ya kaɗa ƙuri'ar zartar da doka. Mutumin nan da zarar ya koma Niyok da zama sai ƙuri'arsa ta dawo. Shi ya sa nake gaya wa ɗalibaina kada su tsaya ga launin da aka shafa wa ƙasa a taswira, su tambaya ko mutanen wurin suna da hannu wajen zaɓen wanda ke rubuta musu doka. A wannan ma'auni Mayot ta fi Fwato Riko, ko da yake duk abin da Hajiya ta lissafa gaskiya ne, kuma ban san yadda zan haɗa waɗannan biyun su zauna lafiya a raina ba.

Baban Hafsatu, Ƙofar Marusa:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Da safiyar nan na biya wajen Alhaji Mannir na aro takardar yuro hamsin, na kai wa malamin tare da bayanin Malam Rabe a waya. Ya ɗaga takardar a hasken taga ya daɗe yana kallo, sannan ya kira Hafsatu gaban aji ya mayar mata da makinta, ya ce badi zai gyara tambayar. Yanzu kuma ta zo mini da wata: wai idan haka ne, ashe Sifaniya ma tana da iyaka ta kan tudu da Maroko?

Malam Rabe, Ƙofar Soro:
Tana da ita, ta garuruwan Sabta da Malila, a kan ƙasar Afirka, kewaye da dogon shingen waya, kuma Maroko tana cewa nata ne. Ka turo ta gidana ranar Asabar bayan la'asar tare da yayanta, ina da tsohon littafin taswira na zamanin da ake shafa wa Nijar launi ɗaya da Faransa, zan nuna mata.